Ɗaki ɗaya, tunani biyu: haɗa ginin Gabas da na Yamma a ƙarin gini

Duk wanda ya taɓa fasa bangon bayan gidansa don ya ƙara ɗaki ya san inda wahalar take. Tana wurin da sabon gini ya dafa tsoho. Nan ruwa ke samun hanya, nan tsaga ke fara bayyana, nan kuma ido ke fara tsayawa idan abu bai zauna daidai ba. To balle a ce mai gida ya ɗora wa kansa wani burin a kan wannan, yana so sabon sashen ya ɗauko wani abu daga ginin Japan ko Sin ko Koriya ko Indiya, alhali tsohon gidan na bulo ne irin na Turai, mai rufaffun ɗakuna da tagogi a tsaye. Haɗin ya zama biyu ke nan: na tsoho da sabo, da na tunani biyu a kan yadda ake zama a gida.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ana iya aron kamannin gini, ana kuma iya aron dalilin da ya sa aka gina shi haka. Wanda ya tsaya a kamanni zai sami ɗakin da ke kyau a hoto, ya gundure shi bayan shekara biyu. Wanda ya bi dalili zai sami ɗakin da iyalinsa za su riƙa rige-rigen zama a ciki. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara, kuma a harkar gini maganar ta fi ko'ina gaskiya, domin rana da ruwan sama da gwiwar ɗan Adam ba sa duba hoto.

Kafin a yi nisa, kalmar "Gabas" kanta tana bukatar gyara. Gidan katako na Kiyoto a Japan da gidan tsakar gida na Beijin a Sin da gidan dutse na Rajastan a Indiya ba su da wata alaƙa da ta wuce cewa duk suna gabas da Turai. Na farko ginshiƙai ne ke ɗauke da shi, na biyu ɗakuna huɗu ne suka kewaye fili babban ɗakin yana kallon kudu, na uku kuwa ya dogara da kaurin bango da tagar dutse mai huji-huji don korar zafi. Mai gidan da ya ce wa mai zanen gini "ina son salon Gabas" bai ba shi komai ba tukuna. Zan fi ɗaukar misali daga Japan, saboda ita ce ta fi cuɗanya da ginin zamani na Yamma, kuma tarihin cuɗanyar a rubuce yake.

Turai ta daɗe tana aro, kuma aronta na farko na kamanni ne zalla. A garin Brighton na Ingila akwai fadar shaƙatawa da John Nash ya fara sake wa fasali a 1815 don yariman da ya zama Sarki George na Huɗu. Daga waje ƙubbobi ne da hasumiyoyi irin na daular Mughal ta Indiya, daga ciki kuwa ado ne irin na Sin, har da matakala da aka zuba da ƙarfe aka yi mata siffar gora. Gini ne mai ɗaukar ido, amma idan aka kankare adon, abin da zai saura fada ce ta Bature, da jerin ɗakunanta kamar kowace. Babu abin da ya canza a yadda mutum ke shiga, ko zama, ko kallon waje.

Aro na biyu ya bambanta. A 1893 aka yi babban baje-kolin duniya a Shikago, Japan ta gina wani rukunin ɗakuna da ake kira Ho-o-den a kan wani ɗan tsibiri. Frank Lloyd Wright, mai zanen gini ɗan Amurka, yana da shekara 26 a lokacin, yana aiki a birnin. Ya je Japan da kansa a 1905, daga baya ya gina babban otal a Tokiyo da aka buɗe a 1923. Shi dai ya sha musanta cewa ya kwaikwayi ginin Japan, kuma ta wata fuska yana da gaskiya: a gidan Robie da ya kammala a 1910 babu ƙofar takarda, babu rufi mai lanƙwasa, bulo ne da gilashi da ƙarfe. Amma dubi abin da ke ciki. Rufi ya miƙe nesa da bango yana ba da inuwa, falo da ɗakin cin abinci sun malala cikin juna ba bango tsakani sai murhu, komai ya kwanta a kwance maimakon ya miƙe sama. Wannan shi ne aron dalili. Haka Bajamushen mai zanen gini Bruno Taut, da ya isa Japan a 1933 aka kai shi fadar Katsura ta ƙarni na 17 a Kiyoto, ya ga ginshiƙai a fili, bango marar nauyi, awo mai maimaita kansa, wato abubuwan da shi da takwarorinsa ke ta fafutukar kafawa a Turai a matsayin sabon abu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Japanawa ma sun yi nasu aron, kuma ta hanyar ƙarin gini suka yi shi. A 1896 aka kammala gidan da Baturen Ingila Josiah Conder ya zana wa iyalin Iwasaki, masu kamfanin Mitsubishi, a Tokiyo. Sashen da ya zana na Turai ne, bene mai baranda, a nan ake karɓar baƙi. Manne da shi akwai sashen Japan mai tabarma, a nan iyali ke rayuwarsu ta yau da kullum. Ba a dama su wuri ɗaya ba, an bar kowanne da halinsa, aka haɗa su da lungu. Zuwa shekarun 1920 masu matsakaicin hali sun ɗauki dabarar a ƙaramin sikeli: gidan Japan cikakke, sai ɗaki ɗaya tak na Turai a gefen ƙofar shiga, da kujeru da teburi, don baƙo. Yau abin ya juya, yawancin sababbin gidaje a Japan kujeru ne da gado, ɗaki ɗaya ake warewa a shimfiɗa masa tabarma, wani sa'in ma babu. Wanda ke shirin ƙara sashe mai ruhin Japan a gidan bulo yana yin abin da aka yi a Tokiyo shekara ɗari da suka wuce ne, sai dai ta ɗaya ɓangaren.

Yanzu ga ainihin bambancin, wanda daga gare shi sauran suka tsiro. A tsohon ginin Turai bango ne ke ɗaukar nauyi. Taga rami ce da aka huda a jikinsa, kuma ba a son ta yi faɗi don kada bangon ya raunana. A ginin Japan ginshiƙi da gungumen da ke kansa ne ke ɗaukar nauyi, abin da ke tsakaninsu cikon wuri ne kawai, ana iya tura shi gefe, ana iya cire shi baki ɗaya. Shi ya sa ɗaki a Turai ake ba shi suna bisa aikinsa, na barci, na cin abinci, na zama, a Japan kuwa ɗaki ɗaya kan yi duka ukun a yini guda, a naɗe shimfiɗa a sa a ma'aji da safe, a fito da ɗan teburi da rana. Ƙarfe da kankare sun kawo wa Yamma wannan 'yancin a ƙarni na 20, don haka ƙarin gini na zamani, wanda galibi ƙarfe ne ke ɗauke da rufinsa, ya riga ya fi kusa da Kiyoto fiye da tsohon gidan da aka manna shi a jikinsa. Wannan sa'a ce ga mai gida. Ba sai ya ƙirƙiro kusancin ba, ya dai lura da shi ya bar ginshiƙan su fito fili bisa awo guda, maimakon ya lulluɓe su da filasta.

Awon nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Tabarmar tatami tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, a Kiyoto santimita 191 da 95.5, a yankin Tokiyo 176 da 88, kuma da ita ake ƙidaya girman ɗaki: mai tabarma huɗu da rabi, mai shida, mai takwas. Faɗin ƙofa, tazarar ginshiƙai, girman ma'aji, duk daga awo ɗaya suke fitowa. Natsuwar da mutum ke ji a irin wannan ɗaki daga nan take zuwa, ko da bai san dalili ba. Mai ƙarin gini ba dole ne ya sayi tatami ba. Ya isa ya zaɓi awo ɗaya, a ce santimita 90 ko mita ɗaya, ya tilasta wa gilashi da kabad da allunan silin da layin daɓe su bi shi. Kafinta zai yi ƙorafi a farko, saboda hakan ba ya yafe kuskure, amma sakamakon ya fi duk wani ado da za a rataya.

Sai batun da nake ganin ya fi kowanne, kuma shi aka fi mantawa: tsayin idon mai zama. Wanda ke zaune a ƙasa idonsa bai kai mita ɗaya daga daɓe ba. Wanda ke kan kujera mai santimita 45, idonsa na wajen mita ɗaya da santimita ashirin. Tazarar kamar ba ta da yawa, amma ita ke yanke hukunci a kan komai. Ɗakin Japan an gina shi ne don na ƙasa. Silinsa ba ya da tsayi amma ba ya danne mutum, ana buɗe taga a can ƙasa kusa da daɓe, akwai ma ƙofar da rabinta na ƙasa ke ɗagawa sama ya bar gilashi don mai zama ya kalli dusar ƙanƙara a lambu. Lambun kansa an tsara shi don a gan shi daga ƙasa. Ka shigo da doguwar kujerar falo da teburin cin abinci mai santimita 75 cikin wannan ɗaki, sai komai ya rikice: bayan kujera ya tare tagar, ƙafafunta su huda tabarma, silin ya sauko kan mutane. Haka nan in ka shimfiɗa tabarma a ɗakin Turai wanda tagarsa ta fara daga ƙugu, mai zama ba abin da zai gani sai bango da ƙasan teburi.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai zane ya yi wa mai gida ita ce: a ina za ku zauna, ƙasa ko kujera? Kuma a amsa da gaskiya. Mutumin da bai saba zaman ƙasa ba, ko mai ciwon gwiwa, ko gidan da ke da tsoho, ba za su fara ba don an gina ɗaki mai kyau. Japanawa da kansu sun samo mafita biyu da suka dace da ƙarin gini ƙwarai. Ɗaya ita ce a ɗaga wani ɓangare na ɗakin da santimita 30 zuwa 40 a shimfiɗa masa tabarma, ta yadda wanda ke zaune a kansa da wanda ke kan kujera za su haɗa ido ba mai ɗaga kai, bakin dandamalin ya zama benci, ƙarƙashinsa ya zama ma'aji. Ɗayar kuma a haƙa rami a ƙarƙashin gajeren teburi, mutum ya zauna a daɓe amma ya zura ƙafafunsa ƙasa kamar yana kan kujera. Duka biyun dole a yanke shawararsu kafin a zuba kankaren daɓe. Bayan an zuba, dama ta wuce.

Daga nan sai rana. Ƙarin gini na zamani a Yamma yana da cuta guda da kowa ya sani, wato akwatin gilashi: bango gilashi, wani lokaci rufi ma gilashi, da zafi ya zama tanda, da sanyi ya zama firji. Ko mashahurin gidan Farnsworth da Mies van der Rohe ya kammala a jihar Illinois ta Amurka a 1951 bai tsira ba, mai gidan ta koka da rashin iska da rashin sirri. Ginin Japan shi ma buɗaɗɗe ne, amma bai taɓa barin buɗaɗɗen gefe tsirara ba. Kullum akwai rufi da ya zarce bango, a ƙarƙashinsa kuma akwai engawa, siririyar barandar katako da ke bin gefen ɗaki, ba ciki ba ce sosai, ba waje ba ce sosai. Lissafin mai sauƙi ne. A Tokiyo ranar tsakar bazara tana hawa kusan digiri 78 da tsakar rana, ta hunturu kuwa 31 kacal. Rufin da ya zarce da mita ɗaya a gefen kudu zai rufe bangon gaba ɗaya da inuwa a lokacin zafi, a hunturu kuma santimita 60 na sama kawai zai tare, sauran hasken ya shige har cikin ɗaki.

To amma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. A Landan ranar bazara ba ta wuce digiri 62, ta hunturu 15, kuma sama a lulluɓe take da gajimare kwanaki da yawa, hasken da ake samu daga can ƙololuwa yake saukowa, wanda shi ne dogon rufi ke fara tarewa. A can, wanda ya kwafi rufin Kiyoto yadda yake zai jefa kansa a duhu. Kusa da tsakiyar duniya kuma, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, matsalar wata ce daban, rana a kai take da tsakar yini, abokan gaba su ne hantsi da la'asar, masu shigowa ta gabas da yamma a ƙarƙashin kowane irin rufi. Maganinsu saƙar katako ce ko ta dutse a tsaye, irin mashrabiyyar Alƙahira, ko jali na Indiya, ko sandunan katako da ke fuskar tsofaffin gidajen Kiyoto. Kudu da tsakiyar duniya kuwa lissafin duka juyawa yake, arewa ce gefen rana. Tsawon rufi abu ne da ake ƙirgawa da wurin da gidan yake, ba a ɗauko shi daga mujalla.

Akwai wani duhun kuma da ke addabar kowane ƙarin gini, ko na wane salo ne. Da zarar an manna sabon ɗaki a bayan gida, tsohon ɗakin da ke da taga a wannan bangon ya koma tsakiya, ya rasa haskensa. Masu zane suna da ƙiyasi cewa hasken taga ba ya shiga da amfani fiye da kusan ninki biyu na tsayin saman tagar. Amsar da Yamma ta saba bayarwa ita ce taga a rufi, kuma tana aiki. Amsar Gabas ta fi burge ni: a bar rami a tsakiyar ginin, sama a buɗe. Tsofaffin gidajen 'yan kasuwa na Kiyoto siriri ne masu zurfi, maƙwabta sun matse su dama da hagu, sai aka riƙa bar musu ɗan lambu a ciki da ake kira tsuboniwa, daga tsubo, awon fili da bai wuce murabba'in mita 3.3 ba. Dutse ɗaya, tsiro ɗaya, tsakuwa, shi ke nan. Amma yana kawo haske ga ɗakuna biyu ko uku, yana jan iska ta ratsa gidan, yana kuma ba ido wurin hutawa. A ƙarin gini, idan aka ja sabon ɗakin baya kaɗan aka bar irin wannan fili tsakaninsa da tsohon bango, tsohuwar taga ta ci gaba da rayuwa. Mai gida zai ji zafin rasa murabba'in mita uku ko huɗu, na sani. Ina ganin babu filin da ya fi wannan biyan kuɗinsa a duk ginin, matuƙar an yi masa magudanar ruwa ta kirki da ƙofar shiga share ganye.

Ana iya wuce gona da iri a nan ma. Gidan Azuma da Tadao Ando ya gina a Osaka a 1976 akwatin kankare ne siriri da aka raba uku, na tsakiya fili ne a buɗe, ta yadda in ana ruwa sai an ɗauki lema kafin a tsallaka daga ɗakin barci zuwa banɗaki. Gini ne da ya haɗa kankare irin na Le Corbusier, jigon ginin zamani na Turai, da tunanin tsohon gidan Osaka ba tare da ado ko ɗaya ba, kuma ya cancanci sunan da ya yi. Sai dai masu gidan sun amince da wannan rayuwa da idonsu a buɗe. Ba kowane iyali ne zai iya ba, kuma babu aibi ga wanda ya ce shi zai rufe hanyar da gilashi.

Wannan ya kawo mu ga abin da Yamma ke kawowa teburin, don haɗin ba kyauta ce daga gefe ɗaya ba. Tsohon gidan Japan yana da sanyi ƙwarai a hunturu. Tun a ƙarni na 14 Yoshida Kenko ya rubuta cewa gida da bazara ake tunaninsa in za a gina, kuma haka aka yi ta yi: a jure sanyi da tufafi da garwashi. Ƙofar takarda ba ta tare sanyi, ba ta tare sauti, ba ta kulluwa, yaro kuma da yatsa ɗaya yake huda ta. Babu dalilin da zai sa a gaji waɗannan. Gilashi mai ruɓi biyu ko uku, abin tare zafi a bango da rufi da ƙarƙashin daɓe, ƙofa mai roba a baki da ke rufuwa ruf, su ne bangon gaskiya na waje. Allon takarda ko na yadi sai ya zo daga ciki, a matsayin labule, ya yi aikin da ya fi iyawa, wato tace haske ya bazu a ɗaki ba tare da ƙyalli ba. Ɗumama daɓe ma misali ne mai daɗi na yadda dabara ke zagaya duniya. Koriyawa sun daɗe suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin daɓen dutse, abin da suke kira ondol. Wright ya ba da labarin yadda ya ɗanɗani ɗumin irin wannan ɗaki a gidan wani attajiri a Tokiyo, ya koma ya binne bututun ɗumi a daɓen gidan Jacobs da ya gina a Wisconsin a 1937. Yau shi ne ya fi dacewa da ɗakin da ake tafiya ba takalmi. Tatami ta asali dai, mai cikin bambaron shinkafa da kaurin santimita biyar zuwa shida, ba ta jituwa da shi, tana tare ɗumin, kuma a ɗakin da iska ba ta zagayawa fumfuna take yi. Akwai siririya da aka ƙera don wannan.

Kan kayan gini ba zan daɗe ba. Ƙonannen katako da ake lulluɓe bangon waje da shi, yakisugi, ya zama yayi a Turai da Amurka. A yammacin Japan aka saba yinsa da itacen sugi, wani dogon itacen katako na ƙasar, a ɗaure allo uku su zama bututu a cinna wuta a ciki har fuskar ta zama gawayi mai kauri, gawayin ne ke kare shi. Ɗan babbaka fuskar kowane irin katako da wutar gas don ya yi baƙi launi kawai yake bayarwa. Inda abin ya yi kyau shi ne baƙin katako na zama lafiya kusa da jan bulo, kowanne na fito da ɗan'uwansa. Kayan ɗaki kuwa an riga an yi mana aikin: Hans Wegner na Denmak ya ɗauko kujerarsa ta 1944 daga kujerun daular Ming ta Sin, kuma irin waɗannan gajerun kujerun katako marasa nauyi suna zama a kowane ɓangare ba tare da faɗa ba. Sharaɗin dai kada a cika. Ɗakin Japan yana da lungu ɗaya, tokonoma, inda ake ajiye abu ɗaya ko biyu a riƙa sauyawa bisa lokacin shekara. Ba zai yiwu ba sai da ma'aji mai yawa a ɓoye cikin bango, don haka wanda ke son ɗaki fayau ya fara da zana kabad.

Na dawo ga inda na fara, wato mahaɗa. Ta fuskar injiniya, tsohon gida ya gama zama a ƙasarsa shekaru da yawa, sabon kuwa yanzu zai fara, kuma katako ko ƙarfe ba sa miƙewa da takurewa daidai da bulo. In aka ɗaure su tamau, tsaga za ta fito ta raba su da kanta. Shi ya sa ake barin gaɓa mai motsi tsakaninsu, a kuma cusa ƙarfen tare ruwa cikin layin bulo inda sabon rufi ya taɓa tsohon bango. Ta fuskar ido ma hukuncin ɗaya ne. Ƙoƙarin ɓoye mahaɗa, a sa rufin Japan ya fito daga jikin bulo kamar tare aka haife su, shi ke haifar da ginin da bai san kansa ba. Gara a bayyana ta: ɗan lungu na gilashi, ko siririn sashe mai gajeren rufi da ya shige ciki kaɗan, mutum ya san ya bar wani wuri ya shiga wani. A Ingila haka ake yawan yi wa tsofaffin gine-gine masu kariyar doka, kuma shi ne abin da aka yi a gidan Iwasaki.

A wannan mahaɗar ce wata dabarar Japan ke samun gurbinta ba tare da an tilasta ba. Gidan Japan yana da genkan, mashiga mai ƙasa-ƙasa inda ake tuɓe takalmi a taka mataki ɗaya zuwa daɓen gida. Dokar ginin ƙasar ma ta tanadi daɓen katako ya ɗaga santimita 45 daga ƙasa sai in an yi wa ƙasan maganin danshi. Ingila tana da tata ƙa'idar, shingen danshi a bango ya kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Wannan na karo da burin da ya zama ruwan dare yanzu, na daɓen ciki da na waje su zama shafe ɗaya ba dokin ƙofa. Ana iya yinsa, da magudana a bakin ƙofar, amma yana cikin wuraren da ruwa ya fi shiga gida. Engawa ta warware wannan tun da daɗewa: daɓen ciki ya zarce waje a tsayi ɗaya a kan ƙafafun katako, iska na bi ta ƙarƙashi, rufi na kare shi daga sama, sannan a sauka lambu ta kan faffaɗan dutse. Inda akwai mai keken guragu ko tsohon da mataki ke ba wahala, sai a bar cikin gidan shafe ɗaya, a nuna sauyin da canjin daɓe kawai, daga tayil zuwa katako, a yi gangara a gefe ɗaya na barandar.

Abu na ƙarshe da za a yanke shi ne inda za a buɗe da inda za a rufe. Sinawa da Japanawa suna da dabarar aron abin kallo, wato a tsara lambu da taga ta yadda wani abu mai nisa da ba naka ba zai shigo cikin hoton. A haikalin Entsu-ji na Kiyoto shingen ganye ya ɓoye duk abin da ke kusa, ginshiƙai da dogayen itatuwa suka yi wa Dutsen Hiei firam. Gidan birni ba shi da dutse, amma yana da bishiyar maƙwabci, ko yankin sama tsakanin rufi biyu, kuma yana da abin da ba a son gani, tankin ruwa ko tagar bene da ke leƙowa. Bangon gilashi daga kusurwa zuwa kusurwa yana kwaso su duka ba zaɓi. Kafin a zana taga ko ɗaya, mai gida da mai zane su fita filin da za a gina, su kafa sanduna inda bango zai tsaya, su ajiye kujera ko tabarma daidai inda za a riƙa zama, da safe sau ɗaya, da la'asar sau ɗaya. Abin da ido ya nema daga nan a yi masa alama a jikin sandunan, sama da ƙasa, dama da hagu. Nan gilashi zai shiga, sauran a sa bango.